Ya Je Neman Shekarun Duniya, Ya Dawo da Labarin Gubar Dalma

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran jama'a, barkanku da zuwa. Yau a kan mutum ɗaya zan yi magana, Clair Patterson, Ba'amurke masanin sinadaran ƙasa da duwatsu, wanda aka haifa a jihar Iowa a 1922, ya mutu a 1995.

Shi dai ba guba ya fita nema ba. Yana ɗalibi a Jami'ar Chicago, malaminsa Harrison Brown ya ɗora masa aikin auna dalmar da ke cikin duwatsu domin a gano shekarun duniya. Hikimar ita ce, yuraniyom, wani ƙarfe da ake samu a cikin duwatsu, yana rikiɗa sannu a hankali ya koma dalma bisa ƙa'ida sananniya, to idan ka san yawan wanda ya rikiɗa, ka san daɗewar dutsen. Amma duk abin da ya auna, sai dalma ta fito fiye da ƙima. Da wani ne, da ya ɗora wa na'ura laifi ya wuce. Shi kuwa ya bi sawu, ya same ta a ruwan famfo, a kwalaben gwaji, a ƙurar ɗaki, har a tufafinsa. Sai ya gina ɗakin gwaji mai tsananin tsafta a Caltech, wato Cibiyar Fasaha ta California, ana tace iska, ana wanke komai da asid. A 1956 ya buga sakamakonsa daga wasu duwatsu sa'annin duniya da suka faɗo daga sararin samaniya, ciki har da na Canyon Diablo ta jihar Arizona: shekara biliyan 4.55. Har yau kusan a nan lissafin yake.

To, daga ina wannan dalmar take fitowa? Tun 1923 ake zuba wani sinadarin dalma a man fetur domin inji ya daina ƙwanƙwasa, kuma ta salansa take fita ta bi iska. Wani likita, Robert Kehoe, wanda masana'antar da ke yin wannan sinadarin ke ɗaukar nauyin bincikensa, ya shafe shekaru yana cewa dalmar jikin mutane ta halitta ce, tunda kowa aka gwada yana da ita. Ku riƙe wannan wurin, domin nan ne gizo ke saƙar. Patterson ya ce abin da ya game kowa daban, abin da yake na asali daban. Idan duk gari na fama da zazzaɓi, ai ba za a ce zazzaɓi shi ne lafiya ba.

Amma magana ba ta isa ba, sai da hujja. Ya auna ruwan teku, ya tarar saman ruwa ya fi ƙarƙashinsa dalma nesa ba kusa ba, alamar daga sama take sauka. Ya je Greenland da Antarctica ya haƙo ƙanƙara, wadda take taruwa hawa-hawa, kowace shekara da nata. A rahoton 1969, shi da abokan aikinsa Murozumi da Chow sun nuna dalmar ƙanƙarar Greenland ta ninka ta zamanin da kusan sau 200, kuma hawan ya fi tsanani bayan da motoci suka yawaita. Daga baya har ƙasusuwan mutanen Peru na da can ya gwada, ya kwatanta da na mutanen yanzu. Ni a ganina aikin ƙanƙarar nan ya fi komai ƙarfi, domin ƙanƙara ba ta karɓar albashi a wurin kowa.

Tun a 1965 ya rubuta cewa dalmar jikin Ba'amurke ta kai kusan ninki 100 na abin da ya kamata. Kuɗin binciken da yake samu daga ɓangaren mai suka tsaya. A 1966 ya ba da shaida a gaban kwamitin Sanata Edmund Muskie, amma da aka kafa kwamitin masana kan dalmar iska a 1971, sai aka bar shi a waje, shi da ya fi kowa iya auna ta.

Amurka ta fara rage dalmar fetur a shekarun 1970, ta haramta ta ga motoci a 1996, kuma dalmar jinin yara a can ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da irin wannan mai, a 2021.

Ku ɗaliban da za ku shiga fagen nan, akwai gadon da ba a cika ambata ba. Tsarinsa na tsafta ya tona cewa yawancin tsofaffin alƙaluman ƙarafa a ruwan teku kuskure ne, dattin kayan aiki aka riƙa aunawa. Duk mai auna ƙarafa masu guba irin su makuri ko kadmiyom a ruwan teku a yau, a kan tsarinsa yake tafiya. Ita kuwa dalma ba ta ruɓewa. Wadda ta zuba a gefen manyan tituna shekara 50 da suka wuce tana nan cikin ƙasa. A nan zan dakata, mai tambaya ya ɗaga hannu.