Laccar da aka gabatar kan kundin Municipal Waste na 2022

Jama'a, barkanku da yamma. Na baya, kuna jina? To madalla. Abubuwa uku zan faɗa a kan Electrified Brain, kundi na bakwai na ƙungiyar mawaƙa ta Municipal Waste, wanda kamfanin Nuclear Blast ya fitar ranar 1 ga Yuli, 2022. 'Yan garin Richmond ne, a jihar Bajiniya ta Amurka. Waƙoƙi 14 ne a ciki, amma kafin ka gama cin tuwo ka wanke hannu an kusa kai ƙarshe.

Na farko, ganga. Kowa idan aka ce thrash, wato salon kiɗan metal mai tsananin sauri, sai ya tuna jita, ni kuwa ina cewa ku saurari mai ganga, Dave Witte. A garin Stoke-on-Trent na Ingila akwai wata ƙungiyar punk, Discharge, da aka kafa a 1977. Suna da wani bugu da har aka laƙaba masa harafin farko na sunansu, ana ce masa D-beat. Bari in buga muku a kan teburin nan. Dum, tas, du-dum, tas. Kun ji? Dum, tas, du-dum, tas. Ƙafa ce ke yin dum, hannu ke yin tas, kuma ƙafar tana ɗan riga lokaci, kamar doki ya ƙwace linzami. Wannan ɗan rigen shi ke hana mutum zama. Malama, ga shi har kin fara kaɗa kai! (dariya)

'Yan metal na da ƙwarewar yatsa. Suna danne tsirkiyar jita da gefen tafin hannu, sautin ya fito a daƙile, jug-jug-jug. 'Yan punk da hardcore (wani reshen punk mai zafi) kuwa gudu da fushi suke da shi, waƙa minti ɗaya an gama. Da farko ma ba sa ga-maciji, masu dogon gashi gefe guda, masu ƙwal-kwabo gefe guda, har dambe ake yi a wuraren wasa. Gangar nan ce ta sulhunta su. Ƙungiyar D.R.I., 'yan Houston a Amurka, faifansu na farko a 1983 waƙoƙi 22 ne cikin kimanin minti 18. Ku lissafa da kanku. A 1987 suka fitar da kundi mai suna Crossover, sunan ya bi wannan salo na gamin metal da punk har yau, salon da Municipal Waste ke yi. Ƙungiyar Slayer ma, kundinsu Reign in Blood na 1986 bai cika minti 30 ba, har a kaset aka sa shi dukkansa a gefe ɗaya, ka juya ka sake jin sa daga farko. Mai jitarsu, marigayi Jeff Hanneman, masoyin punk ne na gaske. Ina son wannan ƙwarai, mutum ya faɗi abin da ya kawo shi ya yi shiru. Dum, tas, du-dum, tas. Ganga dai, jama'a, ganga.

Na biyu… a'a, na haɗa shi da na farko. To mu ce na uku, amshi. Mawaƙin Municipal Waste, Tony Foresta, zai yi ihu da layi ɗaya, sauran su amsa baki ɗaya. Daga hardcore aka gado wannan. Sannan Arthur Rizk ne ya naɗi kundin Electrified Brain a Filadelfiya, shi ne kuma ya yi wa ƙungiyar Power Trip aikin kundinsu Nightmare Logic na 2017. A kunnena sautin wannan karon ya fi na baya kauri, ya ɗan karkata wajen metal, amma ƙafar mai ganga ba ta bar gida ba.

Na ga hannu. Bismillah, ɗan'uwa.

(Tambaya: Ranka ya daɗe, wannan turereniya da ake yi gaban dandali, ba faɗa ba ne?)

Na gode. Mosh ake ce mata, kuma ita ma daga hardcore ta fito, farkon shekarun 1980. Akan ji ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka lura da kyau idan kana kallo. Matasa na gudu a da'ira, kafaɗa na dukan kafaɗa, sai wani ya zame ya faɗi. Nan take na kusa da shi za su ja birki, hannu uku huɗu su cicciɓe shi, wani ya ɗaga takalmin da ya cire sama yana neman mai shi. Mawaƙa da dama sukan tsayar da kiɗa cak sai an tashe shi. Akwai wata tambayar? Ke ta can gefe, a miƙa mata makirufo.