Idan Fayil ɗin Umarnin Shiga Ya Ƙi Aiki a Windows 98 da XP

Assalamu alaikum, masu kallo. A ofisoshin da har yanzu ke riƙe da tsofaffin kwamfutoci, ma'aikaci kan rubuta sunansa da kalmar sirri da safe, ya buɗe kwamfuta, sai ya tarar harafin H, inda takardunsa suke, bai fito ba. Abin da ke jawo masa wannan harafi wani ɗan fayil ne na umarni da ke zaune a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke hidima ga sauran kwamfutocin ofis, cikin foldar da ake kira NETLOGON, wanda kwamfutarsa ke ɗauka ta karanta layi bayan layi duk lokacin da ya shiga.

Kafin ku taɓa komai, ku fara rarrabe abu biyu: shin fayil ɗin bai tashi ba ne sam, ko kuwa ya tashi ya yi tuntuɓe a hanya? Ku buɗe shi, ku cire layin echo off da ke sama, sannan ku rubuta pause a ƙasa. Baƙar tagar da ke wucewa kamar walƙiya za ta tsaya, ku karanta abin da ta ce. A ganina, wannan ɗan mataki ya fi duk wata manhajar bincike amfani, kuma abin takaici ne yadda ake yawan tsallake shi.

Idan taga ba ta fito ba, to a Windows 95 da 98 ku duba saitin Client for Microsoft Networks, ku tabbata an zaɓi shiga domen, wato rukunin kwamfutocin da saba ke tantance masu shigarsu, domin waɗannan kwamfutoci suna barin mutum ya danna Cancel ya wuce ba tare da saba ta san da zuwansa ba. Ku kuma duba bayanan mai amfani a kan saba: sunan fayil kawai ake rubutawa, ba cikakken adireshinsa ba. Inda sabobi suka wuce ɗaya, kuma matsalar tana zuwa yau ta ɓace gobe, mai yiwuwa fayil ɗin bai kwafu zuwa dukkansu ba.

Wurin da aka fi faɗawa shi ne bambancin masu karanta umarni. Windows NT, 2000 da XP suna amfani da cmd.exe, su kuwa 95 da 98 tsohon command.com na zamanin DOS, tsarin da ya gabaci Windows, suke da shi. Saboda haka fayil mai ƙarewa da cmd ba zai tashi a kansu ba, sai mai ƙarewa da bat. Haka nan ba su san alamar USERNAME ba, wadda ke tsayawa a madadin sunan mai shiga. Inda aka rubuta ta, gurbi ne kawai zai rage, sai kwamfuta ta shiga neman foldar da ba ta da suna. Maganin shi ne umarnin net use h: /home, wanda ke tambayar saba da kanta. 95 da 98 kuma ba sa iya jawo foldar da ke can ciki ƙarƙashin wadda aka raba, abin da Windows 2000 ce ta zo da shi. Sannan kada ku ba wani ma'aji harafin Z, domin shi 95 da 98 ke ara yayin karanta fayil ɗin. Fayil ɗaya zai iya hidimar kowa idan ya fara da tambayar alamar OS, wadda ke faɗin irin Windows ɗin da ke kan kwamfuta: in amsar Windows_NT ce ya bi hanya ɗaya, in babu amsa ya bi ɗayar.

Lambobin kuskure ma suna magana. Lamba 53 na nufin ba a ga saba ba, don haka ku duba saitin WINS, hidimar da ke nemo adireshin kwamfuta daga sunanta. 5 na nufin an hana izini. 85 kuma harafin yana hannu tuni, sai a sake shi da net use h: /delete kafin a sake jawo shi.

XP, wadda ta fito a 2001, tana da nata halin na gaggawa: takan shigar da mutum da bayanan da ta adana kafin ta gama haɗuwa da saba. A cikin Group Policy, wato saitin dokokin Windows, ku kunna dokar Always wait for the network at computer startup and logon, za ta jira.

Masu amfani da Samba kuwa, wato manhajar da ke sa kwamfutar Linux ta yi aikin sabar Windows, ku kula da ƙarshen layuka. Fayil ɗin da aka rubuta a Linux ba ya rufe layi irin na DOS, kuma hakan kan rikita mai karanta umarni. Ku wuce da shi ta unix2dos, manhajar da ke gyara ƙarshen layuka, ko ku rubuta shi a Notepad, sannan ku fita ku sake shiga don gwadawa.