Zazzaɓin bakkale idan ya kai ga zuciya

Assalamu alaikum jama'ar Kumasi, musamman mahautan Kaase, da masu kiwo, da masu shan fura da nono a Aboabo da Asawase.

Akwai zazzaɓin da ke zuwa ya lafa ya sake dawowa, da zufa cikin dare da ciwon gaɓoɓi. An sha maganin maleriya, shiru. An ce taifod ne, shiru. Wani lokacin bakkale ne, cutar nan da ke sa saniya ɓari. Ƙwayarta, Brucella, tana shiga mutum ta nonon da ba a tafasa ba, ko ta ɗan yanka a hannu wajen fiɗa, ko wajen taɓa mabiyiyar dabba.

Waɗanda take taɓa wa zuciya ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, amma yawancin waɗanda take kashewa ta nan take bi. Cikin zuciya akwai wasu 'yan ƙyamare masu hana jini komawa baya. A kansu ƙwayar ke zama tana ci, har su daina rufuwa. Sai haki, sai kumburin ƙafa, mutum ya kasa kwanciya sai ya tara matasai.

Don Allah, in kun je asibitin Komfo Anokye ku faɗa wa likita sana'arku tun kafin ya tambaya. Wannan ƙwaya tana da nawar girma a ɗakin gwaji. In ba a san ita ake nema ba, ana iya cewa jinin lafiya lau. Za a ɗebi jini fiye da sau ɗaya, a yi gwajin Rose Bengal mai gano alamar bakkale a jini, sannan a ɗauki hoton zuciya na eko. In bai fito sosai ba, ana zura na'urar ta maƙogwaro.

Magani ba ɗaya ba ne. Ana haɗa doxycycline da rifampicin, da allurar gentamicin a farko. Bakkalen da bai taɓa zuciya ba mako 6 ne, wannan kuwa watanni. Rifampicin na mayar da fitsari ja-ja, kada ya tsorata ku. Kada a daina don jiki ya yi sauƙi, ƙwayar cikin ƙwayoyin jiki take ɓuya, za ta dawo.

In ƙyauren ya lalace, ko zuciya ta fara gazawa, sai tiyata a sauya shi. Ana yin ta a cibiyar zuciya ta Korle Bu a Accra, kuma bayan tiyatar ma ana ci gaba da shan maganin.