Gubar da ke kwance a lakar tur'a

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Duk wanda ya taɓa zaman kambo, wato zangon 'yan ƙwadagon gona, a Jazira ta ƙasar Sudan ya san yadda ake yi da ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa: a ɗebo a jarka, a juye a randa, a bar shi ya kwana. Da safe sama garau, laka ta koma gindi. To, maganar wannan lakar za mu yi yau.

Tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar ake noman auduga a Jazira, kuma an ɗebi shekaru jirage na feshin maganin ƙwari na DDT a kan gonaki. An daina, amma maganin bai tafi ba. Shi da ɗan uwansa PCB, man nan da ake zubawa a tsofaffin taransifoma, suna cikin gubobi 12 da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta fara sa wa takunkumi, saboda taurin kansu wajen ruɓewa.

Halinsu irin na maiƙo ne, ba sa shiri da ruwa. Da sun faɗa tur'a sai su nemi abin kamawa, su manne wa ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da ƙananan ƙwayoyin yumɓu, kamar yadda man miya ke kama riga ya ƙi fita da ɗauraya. Ƙasar Jazira kuwa baƙar laka ce, mai danƙo. A ƙarƙashin ruwa babu rana, iska ma kaɗan ce, don haka gubar na iya kwanciya shekara da shekaru. Ko DDT ya rikiɗe ya zama DDE, ba sauƙi aka samu ba, don shi ya ma fi daɗewa.

Shi ya sa in aka auna ruwa kawai aka ce lafiya lau, ni dai hankalina ba ya kwanciya. Tarwaɗa a laka take kiwo. Abin da ta ci ya taru a kitsenta, mu ci, ya taru a namu, har ya kai ga nonon uwa.

Ga kuma yasar magudanai. Mota ta kwashe laka ta jibge a bakin tur'a, yara su hau su yi wasa, wani ya ɗiba ya yi yaɓe, wata ta kai lambun albasa don ta ji an ce taki ne. In ta bushe, habub, iskar nan mai ƙura, ya ɗauka ya kai har cikin akushi.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya bar magudanai da yawa a cushe, yasa kuwa dole ce. Roƙonmu ga hukumomin noma da na lafiya: kafin a jibge lakar kusa da kambo, a ɗebi samfuri daga gindin tur'a a kai ɗakin gwaji, a fara da kewayen Hasahisa, inda aka taɓa binne ragowar maganin feshi.