Ina soket na biyu ya shiga? Abin da virsh nodeinfo yake nufi

Jama'a, ku dubi allon nan. Uwar garke ce mai soket biyu, wato mazaunin masarrafi biyu, kowane soket na ɗauke da masarrafi mai ƙwaya (core) 12, kowace ƙwaya da zare (thread) biyu. An buga virsh nodeinfo, umarnin da ke nuna taƙaitaccen bayanin masarrafan uwar garke, sai layin soket ya nuna 1. A nan ne hankalin mutane ke tashi, wasu har su kashe na'ura su buɗe murfi don su ga ko masarrafi ɗaya ya mutu.

Lafiyarsa lau. Bari mu bi layukan.

Da farko, NUMA a taƙaice, wato tsarin raba RAM tsakanin masarrafai. A irin wannan na'ura, kowane masarrafi yana da nasa rukunin RAM a kusa da shi. Masarrafin da RAM ɗinsa su ne ɗaki guda. Yana iya ɗauko bayani daga ɗakin maƙwabcinsa, amma sai ya bi ta mahaɗin da ke tsakaninsu, kuma hakan ya fi jinkiri. Shi ke nan.

To, ga inda ake tuntuɓe. Lambar da libvirt, manhajar da virsh ke aiki da ita, ke bayarwa a layin soket, adadin soket ne a cikin ɗakin NUMA ɗaya. Ba jimillar na'urar ba ce. Ku sauko ƙasa, layin ɗakunan NUMA ya nuna 2. Yanzu ku ninka: ɗaki 2, sau soket 1, sau ƙwaya 12, sau zare 2. Ya ba ku 48, daidai da adadin da ke layin sama na CPU(s), inda ake ƙirga kowane zare a matsayin masarrafi guda. Kenan soket biyun suna nan, kowanne a ɗakinsa.

Amma kada ku riƙe wannan lissafi a matsayin doka. Masarrafan AMD EPYC na farko, na 2017, soket ɗaya ne aka raba shi ɗaki huɗu. A waɗanda suka biyo baya, ana zaɓar rabon a BIOS ta saitin NPS, ɗaya, biyu ko huɗu. Intel ma tana da irinsa, Sub-NUMA Clustering. A irin waɗannan na'urori, yawan ɗakuna ba ya gaya muku yawan soket. Akwai kuma abin da ya fi wannan ruɗarwa: idan libvirt ta ninka lambobin ta ga ba su yi daidai da adadin masarrafai ba, kamar yadda ya faru da AMD Bulldozer, sai ta rubuta ɗaki 1, soket 1, zare 1, ta zuba jimillar masarrafan duka a layin ƙwaya. Da gangan take yin haka, alama ce ta cewa a je a duba wani wuri. A ganina, wannan umarni bai cancanci a gina wani tsari a kansa ba, na leƙawa ne kawai.

Wurin da gaskiyar take shi ne virsh capabilities. Ku gangara zuwa sashen cells, wato ɗakunan. Ga ɗaki na 0, ga yawan RAM ɗinsa a KiB, ga kuma kowane masarrafi da socket_id, core_id da siblings nasa. Ku ƙirga socket_id mabambanta, shi ne ainihin yawan soket. Siblings kuwa yana nuna zaren da ke zaune a ƙwaya ɗaya, kamar 0 da 24 a nan.

Ku lura da wannan sosai. A na'urar nan, ɗaki na 0 yana da masarrafi 0 zuwa 11 da 24 zuwa 35. Wanda ya ɗaure kwamfutar baƙuwa (virtual machine, wadda ke gudana a cikin uwar garken) a kan masarrafi 0 zuwa 23 da umarnin vcpupin, yana zaton ya tsaya a ɗaki ɗaya, ya riga ya raba ƙafa a ɗaki biyu. A wasu na'urori ma lambobin tsallake-tsallake suke yi, 0, 2, 4 a ɗaki guda, 1, 3, 5 a ɗayan. Don haka a karanta jerin kafin a ɗaure.

Sai sashen distances, wato nisan da ke tsakanin ɗakuna. 10 na gida ne, 21 na maƙwabci. Ba ma'aunin daƙiƙa ba ne, kwatance ne da BIOS ke bayarwa ta teburin SLIT.

Kafin ku tilasta wa baƙuwa zama a ɗaki guda da umarnin numatune a yanayin strict, wanda ke hana ta ɗaukar RAM daga wani ɗaki, ku buga virsh freecell --all don ganin RAM ɗin da ya rage a kowane ɗaki. Idan baƙuwar tana son gigabayit 64, ɗakin kuma saura 40 a cikinsa, ko da ɗayan ɗakin wayam yake, kernel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, na iya kashe ta idan RAM ɗin ɗakin ya ƙare. Ku gwada abin da kuka gani da numactl --hardware a kan uwar garken. Jerin masarrafan kowane ɗaki ya kamata ya zo daidai da na capabilities, lamba da lamba.