Ali Farka Touré: Manomin da Ya Sa Jita Ta Yi Kukan Goge

Jama'ar Garwa, Marwa, Ngaundare har zuwa Injamena, assalamu alaikum. Yau zancenmu na mutum ɗaya ne da jitarsa, Ali Farka Touré na ƙasar Mali. Turawa da suka ji shi sun ce buluz yake kaɗawa, wato kiɗan baƙar fatar kudancin Amurka, na wajen Mississippi. Amma ku da kuka tashi kuna jin goge da garaya a gidan biki, ku kasa kunne da kyau, don kunnenku zai kama abin da nasu bai kama ba.

An haife shi a 1939 a ƙauyen Kanau, bakin kogin Neja, a yankin Tumbutu, ya kuma girma a garin Niafunké. Gidansu ba gidan roƙo ba ne. Kun dai san yadda abin yake ko a nan wajenmu: kiɗa gado ne, yaron da bai gada ba in ya ɗauki molo sai manya sun yi masa ca. Shi kuwa bai bari ba. Tun yana ƙarami ya kama kayan kiɗa masu tsirkiya ɗaya, djerkel da ake kaɗawa da yatsa, da njarka da ake gogawa kamar kukumarmu. A ƙasar Songai, waɗannan su ne kayan da ake kiran iskokin kogi da su, kusan yadda garaya take a wajen 'yan bori.

A 1956 ya ga Fodéba Keïta, mutumin Gini, yana kaɗa jita, abin ya shiga ransa. Da ta aro ya koya, domin bai mallaki tasa ba sai a 1968, lokacin da ya je wasa ƙasar Bulgeriya. A shekarun nan ne kuma faifan John Lee Hooker, mawaƙin buluz na Amurka, ya shiga kunnensa, ya ji kamar kiɗan gida ne ya yi ƙaura ya dawo.

To ina kamannin yake? Ku saurari wannan. Babban yatsansa yana kan tsirkiyar ƙasa, yana bugun abu ɗaya ba fashi, sauran yatsun kuma suna can sama suna zuba waƙa. Duk abin yana yawo ne cikin sautuka biyar, irin waɗanda mai goge yake yawo a ciki. Buluz ɗin da aka saba ji a Amurka yakan tashi daga mazauninsa, ya leƙa wasu wurare biyu, sannan ya koma. Hooker kuwa sau da yawa wuri guda yake zama, ya yi ta nanatawa har jikin mai sauraro ya ɗauka. Haka Ali yake yi, sai dai shi tun kafin ya ji sunan Hooker yatsunsa sun saba da wannan a kan tsirkiya ɗaya. Shi ya sa ba na yarda in an ce kwaikwayon Amurkawa ya yi. Shi kansa ya sha faɗa cewa tushen wannan kiɗa a Afirka yake, bayin da aka kwashe ne suka ƙetare teku da shi. Sannan ku lura da abin da ke riƙe masa amo: ƙwarya ce a kife, ana bugunta da hannu.

Da Songai yake waƙa, da Fulatanci, da Buzanci, da Bambaranci. Fulatancin nasa na can yamma ne, ya bambanta da na Adamawa, amma mutumin Garwa ba zai rasa tsintar kalmomi ba. Noma, neman ilimi, soyayya da zaman lafiya su ne yawancin abin da yake rerawa.

A shekarun 1970 ya yi aiki a gidan rediyon Mali a Bamako, inda aka naɗi waƙoƙinsa na farko. A 1987 ya fara wasa a Ingila, kamfanin faifai na World Circuit ya ɗauke shi. Faifan Talking Timbuktu da ya yi da Ry Cooder, makaɗin jita na Amurka, a 1994 ya ci masa kyautar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Duniya na nemansa, shi kuwa ya koma Niafunké ya rungumi gonarsa ta shinkafa, yana kashe kuɗin waƙa a kan injunan ban ruwa. Da kamfani ya matsa yana son sabon faifai, sai da aka kwaso kayan naɗi aka kai masa har gida, faifan ya fito a 1999 da sunan garin. A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niafunké, ya sa kuɗin aljihunsa wajen gyaran hanyoyi da magudanan ruwa da man janareton da ke ba garin wuta.

Grammy ta biyu ta zo a farkon 2006, kan aikin da suka yi da Toumani Diabaté mai kaɗa kora, wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa. A watan Maris na shekarar Allah ya yi wa Ali rasuwa a Bamako, bayan ya yi fama da ciwon dajin ƙashi. Ta uku ta zo a 2011, kan faifai na biyu da suka naɗa da Toumani kafin rasuwar Ali. Ɗansa Vieux Farka Touré, wanda da farko uban bai so ya shiga kiɗa ba, shi ke yawo da jita a duniya yanzu.