Amsoshin Tambayoyinku: Littattafan Zane da na Katun

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Katsina. Wasiƙun yau duk a kan littattafai suke, kuma abin da za ku ji ra'ayina ne na mai karatu, wanda ya ga ba haka ba ƙofa a buɗe take.

Ta farko daga Daura ta fito. Wani dattijo ne ya rubuto cewa ɗansa mai shekara goma sha biyu ba ya taɓa littafi sai na katun, irin wanda ake ba da labari cikin zane. Yana tambaya: wannan karatu ne, ko ɓata lokaci?

Baba, Allah ya ƙara girma, karatu ne, kuma ina roƙonka kada ka ƙwace masa. Akwai littafin da wani Ba'amurke, Scott McCloud, ya fitar a 1993 mai suna Understanding Comics, shi ma cikin zane ya rubuta shi. Babban abin da na ɗauka a ciki shi ne aikin ɗan farin filin nan da ke tsakanin hoto da hoto. Bari in kawo misali daga garinku. A ce an zana Bayajida tsaye a bakin rijiyar Kusugu cikin dare, ya ɗaga takobi. Hoto na gaba kuma gari ya waye, mata sun yi layi da tuluna suna ɗiban ruwa, alhali ba Juma'a ba ce. Wa ya kashe macijin? Mai zane bai nuna ba. Yaron ne ya sare shi a cikin kansa, ya haɗa dare da safiya, ya gane dalilin murnar matan. Ƙwaƙwalwar da ke wannan aiki shafi bayan shafi ba zaune take ba.

Ba na yara kaɗai ba ne kuma. Maus na Art Spiegelman labarin mahaifinsa ne, Bayahuden Folan da ya tsira daga sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi na Jamus suka hallaka Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya zana Yahudawa a matsayin ɓeraye, Jamusawa kyanwoyi, har littafin ya samu babbar lambar yabo ta Amurka mai suna Pulitzer a 1992. Sai dai, Baba, ka riƙa buɗawa kana gani da idonka. Wasu cike suke da zubar da jini da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba. Tsohon littafin katun na Turawa mai suna Tintin da aka yi a kan Kwango ma, na 1931, ya zana baƙar fata da raini, ban so yaro ya karanta shi ba babba a kusa. In ya saba da bin labari, sai ka ajiye masa Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce kusa da shimfiɗa. Marubucinsu, Abubakar Imam, a nan Katsina ya yi karatu, ya kuma koyar.

Wasiƙa ta biyu daga Ƙofar Ƙaura, wani matashi mai shagon kwamfuta, yana tsara katin biki da fosta da allon shago. Ya ce wane littafi zai karanta hannunsa ya faɗa?

Ɗan'uwa, littattafan Turawa kan tsara shafi suna da amfani, za su koya maka barin fili, da rage launi, da daina cusa salon rubutu biyar a kati guda. Amma in so samu ne, fara da na gida. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya fitar da The Arts of the Hausa a 1976, akwai kuma Hausa Architecture na J. C. Moughtin, 1985. Abin da ke sosa mini rai shi ne baƙi suka zo suka tattara mana wannan, cikin Turanci, samunsu ma sai an sha wuya a ɗakunan karatu na jami'o'i. Kafin ka same su, je ka zauna wajen mai ɗinkin babbar riga. Dubi aska biyu yadda take saukowa daga wuya, aikin ya taru a gefen aljihu, aka bar sauran rigar sarari don ido ya huta. Dubi dagi a goshin tsohon zaure, zare ɗaya ne yake shiga yana fita, ba ka ganin farkonsa. Katin bikin da ya ɗauko wannan zai bambanta da dubun da ake kwafowa daga intanet.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wata ɗaliba a Rafindadi: akwai littafin kirki kan waƙa da fim da littattafan soyayya na Hausa?

Akwai, ƙanwata. Graham Furniss ya yi Poetry, Prose and Popular Culture in Hausa a 1996, shi ya fi sauƙin shiga. Signal and Noise na Brian Larkin, 2008, ya yi zurfi kan silima da rediyo a Kano da yadda finafinan Indiya suka shiga ran mutanenmu, amma Turancinsa na malaman jami'a ne, sai da haƙuri. Ki nemi rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. Ni dai wanda na fi so ki fara da shi na Hausa ne: Shata Ikon Allah!, tarihin Alhaji Mamman Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Shata ya rasu a 1999, a Daura aka binne shi, kuma har gobe akwai tsofaffin da suka gan shi yana waƙa da kalangai a filin biki. Ki karanta, sannan ki je ki tambaye su tun suna raye.

Lokaci ya ƙure mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.